Ta Ce Tana Wurin Bashira

Shekara ashirin da shida Bashira da Dalal suka yi suna raya bukukuwan mata a kudancin Jidda. Bashira ce mai waƙa, Dalal kuwa ita ke zama a bayanta da babban bandiri, ita ke tara sauran matan ƙungiyar, ta nemo mota, ta riƙe sunan amarya da na iyayenta don kada a yi kuskure a tsakiyar taro. Su biyun a Nuzla aka haife su, jikokin alhazan da suka zo daga ƙasar Hausa ba su koma ba. Lokacin da suke tashe, babu gidan da zai aurar da 'ya daga Nuzla har Kurayyat bai fara tambayar ko Bashira tana da sarari ba. Takan fara da Larabcin Hijaz, in ta ga tsofaffi sun shigo fili sai ta juye Hausa, nan wuri ya kaure da guɗa.

Daga baya 'yan mata masu kwamfuta da manyan lasifikoki suka shigo, kira ya ragu, muryar Bashira ma ta fara dusashewa. Ba su taɓa zama sun ce sun daina ba, sai dai wata rana suka lura shekara ta zagayo ba wanda ya neme su. Da mijin Bashira ya rasu ta koma Bani Malik wurin 'yarta Joud. Dalal, da Allah bai ba ta haihuwa ba, ta ci gaba da zama a gidan mahaifinta a Nuzla tare da ƙanenta Nayef da iyalinsa, bandiran kuma aka jibge su a wani ɗan ɗaki a saman bene.

Abin da bai sauya ba shi ne zuwan Dalal. Kowace Talata takan shigo Bani Malik da zuma da citta don makogwaron Bashira, ta shiga kicin ta haɗa shayi kamar gidanta, ta zauna tana sauraron ƙorafi. Bashira ta saba a yi mata. Ba ta taɓa tunanin abin godiya ba ne, kamar yadda mutum ba ya gode wa hannunsa.

Da tsufa ya zo, Dalal ta kamu da son finafinan Koriya masu fassarar Larabci a ƙasa. Bashira takan yi mata dariya, ta ce mace ta haura sittin tana kuka saboda mutanen da ko sunansu ba ta iya faɗa. Wata Talata a farkon shekara, Dalal ta matsa sai sun kalli wani tare, ta sa Joud ta nemo musu shi a talabijin. Labarin wasu maza biyu ne da suka yi tashe da kiɗan rok suna samari, ɗaya mawaƙi ɗaya makaɗi. Yanzu sun tsufa, mawaƙin yana rera tsofaffin waƙoƙinsa a wani gidan cin kifi a bakin teku, mutane na cin abincinsu ba mai ɗaga kai. Makaɗin ne ke ɗaukar masa jaka, ya goge masa riga, ya haɗiye duk zagin da ya yi masa.

An kai wurin da mawaƙin ya ture kofin shayi ya ce ya huce. Minti biyar kafin nan Bashira ta mayar wa Dalal nata kofin ta ce na'ana'a ya yi yawa. Joud ta dubi uwarta ta tuntsire da dariya, ba ta yi nufin komai ba. Bashira ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ta ɗauki rimot ta tsayar da fim ɗin.

"Ni kika kawo wa wannan, ko?"

Dalal ta ce a'a, ita hannun makaɗin take so ta gani, yadda yake jinkirta bugu yana jiran mawaƙi ya ja numfashi. Bashira ba ta saurara ba. Ta ce ba ta taɓa roƙon kowa ya bi ta ba, kuma in ba don muryarta ba da ba wanda ya san akwai wata Dalal a Jidda. Maganar na fita ta san ta yi nauyi, amma ba ta janye ba. Dalal ta tashi ta wanke kofunan, ta sa abayarta, ta yi wa Joud sallama ta fita.

Talata ta zo ba ta zo ba. Bashira ta ce a ranta fushi ne, zai huce. A kwanakin nan ne rusau ya kai layinsu Dalal. Tun watanni ake rushe tsofaffin unguwannin kudu, a zo a rubuta "ikhla" da jan fenti a bango, wato a tashi, bayan 'yan kwanaki a yanke wuta da ruwa, sai katafila ta shigo. Joud ta gaya wa uwarta an yi wa gidan su Dalal fenti. Bashira ta ɗauki waya ta ajiye ya fi sau goma. Ta ce ai Nayef yana nan, kuma wadda ta fita ba ta yi mata sallama ba ita ya kamata ta fara kira.

Ranar Litinin, kwana goma sha uku da faɗan, Joud ta tafi aiki da safe ta bar ta ita kaɗai. Bashira ta kunna talabijin don ta kashe lokaci, sai ga fim ɗin a tsaye inda ta tsayar da shi, kofin shayin mawaƙin a gefen teburinsa. Ta ce bari ta ga ƙarshen wannan mara kunya.

Wata rana makaɗin bai zo aiki ba. Mawaƙin ya gaya wa mai gidan kifin cewa fushi yake yi, zai dawo, kullum yana dawowa. Kwana ɗaya, kwana biyu, ya ƙi kira. Yana goge rigarsa da kansa yana ƙona ta, yana zagin abokin a ransa. Sai a kwana na biyar ya tafi ɗakin da makaɗin ke haya, ya buga ƙofa, shiru. Mai gidan hayar ta kawo makulli ta buɗe. Mutumin yana kwance a ƙasa tsakanin gado da ƙofa, hannunsa a miƙe wajen waya, ya daɗe da cikawa. Mawaƙin bai yi kuka ba. Ya zauna a bakin ƙofa kawai, har hoton ya yi duhu.

Bashira ta jawo waya ta kira Dalal, aka ce a kashe take. Ta sake kira, ta sake, amsa ɗaya. Dalal ba ta kashe waya, ko a masallaci sai dai ta rufe mata murya. Ta nemo lambar Nayef.

Ya ɗauka da fara'a, ya gaishe ta, ya ce dama yana son ya kira ta. Ya ce ta gaya wa Dalal ta kunna wayarta mana, tun Asabar suke nema, kuma ta bar maganin sukarinta a jakar matarsa.

"Nayef, Dalal tana ina?"

Ya ce, "Yaya Bashira, ba tana wurinki ba?"

Ya ba ta labari yana haɗa kalmomi da ƙyar. Ranar Asabar suka kwashe kaya zuwa wani ƙaramin gida can arewacin gari. Da aka gama loda mota, Dalal ta ce ita ba za ta matse su a ɗaki biyu ba, wurin Bashira za ta zauna. Ta ce su tafi, za ta hau sama ta sauko da bandiran, ta tari tasi zuwa Bani Malik. Bai san sun yi faɗa ba, ba ta gaya wa kowa ba. Da wayar ta ƙi shiga, sun ɗauka hira ce ta ɗauke su ta manta da caji. Ya ce yanzu zai baro wurin aiki, amma yana da nisa, zai yi awa guda ko fiye. Sai ya ƙara da cewa an ce layinsu yau ko gobe za a rushe.

Ba ta san yadda ta sa abaya ba. A cikin tasin da ta tara zuwa Nuzla ta kira Joud ba ta ɗauka ba, ta bar mata saƙon da ita kanta ba ta san me ta ce a ciki ba. Tana ta lissafi, Asabar da rana, Lahadi, yau Litinin, kwana biyu mai ciwon sukari ba magani. Ta yi tunanin ɓarayin da aka ce suna yawo a gidajen da aka tashi. Ta yi tunanin mota ta buge ta an kai ta wani asibiti ba wanda ya san ta, ta ji kanta tana addu'ar Allah ya sa hakan ne.

Direban ya tsaya a bakin babban titi ya ce halas, iyakarsa ke nan, daga nan mota ba ta shiga. Ta sauka ta tsaya. A nan aka haife ta, a nan ta yi aure, amma ba ta gane komai ba. Inda gidan burodin tamis yake babu, shagon mai turare babu, lungun da suke yankewa zuwa makaranta ya zama tudun bulo da ƙarafuna a murɗe. Filin ya buɗe har tana hango gadar sama da ba a taɓa gani daga nan ba. Kyanwoyi ne kawai ke yawo a kan tarkace. Daga nesa ƙarar injuna na tashi, wani lokaci a ji rugugin bango ya zube, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin takalminta.

Ta bi wata hanya ta ɓulle inda ta fito. Ta bi wata, ta tarar da katifa da takalmin yaro da firam ɗin hoto ba hoto. Sai ta hango hasumiyar ƙaramin masallacin da mahaifin Dalal ya yi wa ladanci, an bar shi tsaye shi kaɗai. Daga ƙofar masallacin, gidan su Dalal layi na biyu ne ta hannun dama. Ta nufi wurin tana tuntuɓe, ta tattare abayarta a hannu.

Rabin layin ya tafi. Katafila mai dogon hannu tana cin wani gida, gida biyu ne kawai tsakaninta da na su Dalal. Ba wanda ya lura da Bashira a cikin ƙurar. An cire ƙofar gidan, an cire tagogi, ta shiga. Falon da suka yi shekaru suna gwajin waƙa a ciki babu komai sai alamar inda kabad ya tsaya. Ta kira sunan Dalal, ko ita kanta ba ta ji muryarta ba saboda ƙara.

A kan tagar matakala ta hawa na farko ta ga jakar. Baƙar jakar Dalal ce mai zip ɗin da ya lalace, ƙura ta rufe ta. Ta buɗe, ga waya a mace, ga katin iƙama na izinin zama a ƙasar, ga carbi. Bashira ta rungume jakar ta jingina da bango don kada ta faɗi. Dalal ba ta fita daga gidan nan ba.

Ta ci gaba da hawa. Masu kwasar ƙarfe sun cire abin dafawa na matakalar, sai ta riƙa bin bango da hannu, gwiwoyinta na kuka a kowane taki. Ta leƙa ɗakunan hawa na biyu ɗaya bayan ɗaya, kowace ƙofa sai ta rufe ido kafin ta duba ƙasa. Babu kowa. Saura saman bene. Ƙofar ƙarfe ce a can ƙarshen matakala, a rufe. Ta murɗa hannun ya murɗu, ta tura da kafaɗa, ko motsi. Bangon gefen ya tsage daga sama har ƙasa, ƙofar ta cije a cikin firam ɗinta. Ta buga da tafin hannu, ta buga da takalmi, ta kara kunne. A daidai lokacin wani bango ya zube a waje, gidan duka ya yi rawa, farar ƙasa ta zubo mata a ka. Ta tsuguna ta rufe kanta da jakar tana salati, tana jiran rufin ya biyo baya.

Da rawar ta lafa ta gane ba za ta iya buɗe ƙofar nan ba, kuma ba za ta ji komai ba muddin injunan na aiki. Barin ƙofar ya fi mata hawan wuya. Ta sauko da baya da baya kamar mai rarrafe.

A waje wani mutum mai rigar aiki ruwan ɗorawa, riƙe da tiyon da ake fesa wa ƙura ruwa, ya gan ta ya taho da gudu yana ɗaga hannu, yana ce mata da gurguwar Larabci ta fita, mamnu', an hana. Bashira ta buɗe baki Larabcin ya gudu, sai Hausa ta fito, ta ce 'yar'uwarta tana sama. Mutumin ya tsaya cak. Dattijo ne mai furfura a gemu, daga baya ta san sunansa Maman Lawali, mutumin Damagaram. Ya amsa mata da Hausa, ya ce Hajiya ba kowa a gidan nan, jiya shi da kansa ya bi shi ɗaki ɗaki. Ta tambaye shi saman bene fa. Ya ce ƙofar ta ƙi buɗuwa, sun buga ba a amsa ba. Ta nuna masa jakar da katin da ke ciki. Ya dubi hoton, ya dubi saman gidan. Ya ce shi lebura ne, ba shi da ikon tsayar da inji, sai patron, wato shugaban aikin, kuma patron yana can ƙarshen layi cikin mota, bari ya je ya kira shi.

Ya ruga. Bashira ta juya ta ga hannun katafilar ya gama da gidan da yake ci, ya juyo kan na gaba, wanda bangonsa ke manne da maƙwabcin su Dalal. Ba ta yi shawara da kanta ba. Ta taka ta nufi injin, ta shiga tsakaninsa da bangon, ta sami wani guntun bulo ta zauna a kai. Haƙoran ƙarfen suna sama da kanta, ƙasa na zubowa daga cikinsu. Ba ta sani ba ko direban yana ganin ta, ita dai baƙin abu ce ƙarama a cikin ƙura. Ta ɗaga jakar sama da hannu biyu ta rufe ido. Ta ji fitsari na neman kufce mata. Ƙarar ta ƙaru, sannan ta faɗi, sannan ta mutu.

Direban ya diro yana faɗa da wani yare. Shugaban aikin ya iso a fusace yana cewa zai kira 'yan sanda, Maman Lawali na biye da shi yana bayani. Bashira ta miƙa masa jakar. Ya karanta katin, ya tambaya tun yaushe, aka ce tun Asabar. Fuskarsa ta sauya. Ya yi magana a rediyon hannunsa, injunan da ke sauran layukan suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, ya kuma kira motar asibiti.

Shirun ya fi ƙarar ban tsoro. Mutum bakwai ko takwas suka tsaya a gaban gidan sun ɗaga kai. Bangon saman benen dogo ne, ya fi tsayin mutum, irin na gidajen da ake yi don mata su sha iska ba a gan su ba. Shugaban ya ce ta kira ta. Bashira ta ja numfashi ta kira, muryar ta fito a tsage. Ba amsa. Ta sake kira da sunan da mahaifiyar Dalal kaɗai ke kiran ta da shi, Dalalu. Iska ta kaɗa wata leda. Bashira ta fara jin abin da ta gani a talabijin da safe yana hawo mata daga ciki, mutumin nan a kwance hannu a miƙe, ta dafa kafaɗar Maman Lawali ba ta ma san ta yi ba.

Sai aka ji ƙwal, can sama, kamar dutse a jikin ƙarfe. Aka daɗe, sannan wani ƙwal.

"Bon, madalla," in ji Maman Lawali a hankali, "da rai."

Maza uku suka hau da ƙarfen ɓalle ƙofa. An ce ta jira a ƙasa, ba ta jira ba. Kafin ta kai hawa na biyu ta ji ƙofar ta yi ƙara ta buɗe. Da ta fito saman benen rana ta kashe mata ido, sannan ta gan ta. Dalal tana kwance a gefe ɗaya a inuwar tankin ruwa, ƙafarta ta hagu a juye yadda ƙafa ba ta juyawa, leɓɓanta sun tsattsage, fuskarta ta faɗa. Guntun bulo na hannunta. Mazan suka kau da kai, Bashira ta durƙusa ta gyara mata mayafi, ta ɗora kanta a cinyarta. Ta ce ta yafe mata, ta sake cewa ta yafe mata, ba ta iya faɗar wani abu ba.

Dalal ta motsa baki. Bashira ta sunkuya har kunnenta ya taɓa leɓɓan.

"Ruwa tukuna," in ji Dalal.

A kan gadon ɗaukar marasa lafiya aka sauko da ita, matakala bayan matakala. Nayef ya iso ana sa ta a mota, ya riƙe ƙofar yana kuka kamar ba babban mutum ba. Maman Lawali ya koma sama ya sauko da bandirai huɗu a buhu, ya ba Nayef, ya ɗauki tiyonsa. Bashira ta nemi ta yi masa godiya, ya ce ta bar shi da abin da ke ransa, don jiya shi ne ya buga ƙofar nan ya juya. Washegari aka rushe gidan.

Ƙashin ƙugu ne ya karye, aka yi mata aiki. Likita ya ce da lokacin zafi ne da ba a same ta da rai ba. Sai a kwana na uku muryarta ta dawo har ta iya ba da labari. Ta ce tana cikin ɗan ɗakin tana ɗaure bandiran aka rushe wani gida a baya, gidansu ya girgiza, ƙofar ta rufe da ƙarfi ta cije. Ta yi ihu har la'asar. Ta jawo tsohon bokiti ta taka don ta leƙa ta kan bango, bokitin ya fashe ta faɗo. Daga nan da jan ciki ta kai gindin tanki, inda famfo ke ɗigo da ɗan abin da ya rage. Ta ji bugun ƙofar ranar Lahadi, amma murya ta riga ta tafi, kafin ta lalubo abin da za ta buga sun sauka. Bayan nan ta yi ta buga tankin, injuna na cinye ƙarar. Ta ce ba mutuwar ce ta fi ba ta tsoro ba. Abin da ya fi tsaya mata shi ne a kwashe ta cikin tarkace a zubar, ba wanka ba sallah, Nayef yana ganin tana Bani Malik, Bashira tana ganin tana arewa.

Bashira tana zaune a kujerar gefen gado. Sai ta yi tambayar da ke cin ta.

"Me ya sa kika ce musu wurina za ki zo, bayan abin da na faɗa miki?"

Dalal ta dube ta kamar ta yi tambayar wauta. "To ina zan ce? Faɗa muka yi, Bashira. Da na zo, da kin ɗaure fuska kwana biyu, shi ke nan."

Da aka sallame ta, Bani Malik aka kawo ta. Joud ta sa gado na biyu a ɗakin uwarta. Bashira ta koyi juya mara lafiya ba tare da ta taɓa ƙugun ba, ta koyi awon sukari, ta riƙe lokutan magani a ka. Ba ta iya ba da farko, Dalal kuma ba ta raga mata, takan ce mace ta kai wannan shekaru ba ta san yadda ake naɗe bargo ba. Tsoron dai bai bar Bashira ba. In Dalal ta shiga banɗaki da abin dogarawarta ta wuce minti biyar, sai ta je ta tsaya a ƙofa tana kiran ta har ta amsa. Ta sa Joud ta cire sakatar. In babbar mota ta wuce a titi tagogi suka yi rawa, sai ta tsinci kanta a tsaye a tsakiyar ɗaki ba ta san lokacin da ta tashi ba.

Bayan 'yan watanni rusau ya iso Bani Malik. Joud ta shiga neman gida, kullum ta dawo da hotuna a waya. Bashira ba ta damu da unguwa ba, ba ta damu da girman falo ba, ta ce dai ya zama hawa na ƙasa, kuma ɗaki ɗaya ya ɗauki gado biyu. Suka samu a wata sabuwar unguwa da ba su san kowa ba, kusa da su Nayef.

Ranar tashi, ma'aikata na fitar da kaya, Dalal ta ce a bar ta ta zauna a ciki har a gama, ƙafarta na ciwo. Bashira ta ƙi. Ta sa aka fara fito da ita, aka zaunar da ita a bayan motar Joud tun kafin a ɗauki kujera ɗaya, ita ma ta shiga ta zauna a gefenta ta riƙe mata wuyan hannu. Awa biyu suka yi a haka, kaya na wucewa ta gabansu, Joud na leƙowa tana tambayar ina za a sa kaza, Bashira na cewa ta sa duk inda ta ga dama. Dalal ta yi ƙorafin zafi, ta yi ƙorafin an matse mata hannu jini ba ya gudu. Bashira ta sassauta kaɗan, amma ba ta saki ba har Joud ta shigo ta tayar da mota suka hau titin da ya nufi arewa.